Rumbun Hansatu

Daren jiya na yi wani mafarki, amma sai na fara faɗa muku aikina kafin ku gane inda ya dosa. Wasu masu bincike kan yadda ƙananan yara ke koyon magana ne suka ɗauke ni aiki. Gida-gida nake bi, in zauna a tabarma awa guda da 'yar na'ura a hannu, duk kalmar da babba ya faɗa wa yaron da bai kai shekara uku ba sai in danna. In zan tafi kuma in yi wa iyaye wa'azi: ku riƙa yi wa yaranku hira, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bakina ya iya wannan karatun ƙwarai. A gidana kuwa akwai Hansatu, 'yata ta fari, shekararta biyu da wata takwas, har yau ba ta haɗa kalma biyu ba. A takarda ina iya rubuta sunanta, amma bakina bai taɓa kiransa ba. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi. Shirun nata yana damuna, ban dai faɗa wa kowa ba.

To, sai ga ni a kan babur ɗina a wani gari inda babur ke tsaye, hanya ke tafiya. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tasowa ya nufi gajimare, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba, na dai naɗe ƙafar wandona.

Hanyar ta sauke ni a ƙofar wani ofis. Wata jar akuya da tabarau ce a kan kujera, tana tauna takardu.

"Masu muhimmancin a cikina nake ajiye su," in ji ta. "Kai ne Malam Zubairu mai danne-danne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Yau gidanka ake bincike."

Na ce mata akwai kuskure, ni ne mai zuwa gidajen mutane. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce wanzami dama ba ya son jarfa, in wuce ciki.

A ciki masu binciken duk yara ne, babbansu bai kai gwiwata ba. Farfesan nasu yana da haƙora huɗu da kunzugu, wani dattijo mai farin gemu ne ke goye da shi. Suka zaunar da ni a tabarma, suka ba ni gwangwanaye uku in ɗora wani kan wani. Na ɗora, suka tafa mini.

"Nuna hancinka," in ji Farfesa.

Na nuna.

"Madalla. Yanzu kira 'yarka."

Na gyara zama na ce, "Yarinyar nan."

"Wace yarinyar? Mu tara ne a ɗakin nan."

"Ta wajen Iya," na ce, don mahaifiyata ce ke rainonta.

Farfesa ya cire babban yatsansa daga baki ya ce a rubuta: yana da hanci, yana tsayar da gwangwani, amma bai fara magana ba tukuna. Ya tambayi shekaruna, na ce talatin da huɗu. Ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce kada in damu, wasu iyayen sukan yi jinkiri.

Sai muna wani fili, ni da akuyar, rumbuna jere har inda ido ya tsaya. Ta ce kowane yaro yana da nasa, duk maganar da aka yi masa nan take zuba, kuma da abin da ke ciki zai yi tasa maganar. Na leƙa na ɗan maƙwabcina, ya cika har yana zuba, rabinsa duk "sauko" ne da "za ka faɗi". Akuyar ta ce ba laifi, ko dusa ce tana riƙe ciki.

Muka zo kan na Hansatu. Sai da na zura kaina har kafaɗa kafin na hango abin da ke ƙasa. Akwai ɗan tsibi na Iya: zo, ci, kwanta, bari. Akwai 'yan waƙoƙin da matata ke raɗa mata in ta tabbatar babu mai ji, don ita ma kunyar take yi.

"Ina nawa?" na tambaya.

Akuyar ta sa ƙafa ta tono wani abu guda ɗaya daga lungu ta ɗora mini a tafi. Na kara shi a kunne. Gyaran murya ne, wanda nake yi in na shigo gida na same ta a bakin ƙofa, don ta matsa in wuce. Na ji kunya irin wadda ban saba da ita ba, mai zafi.

Ina ɗaga kai sai ga mu a bakin wata igiyar shanya, an rataye sunaye a kanta, duk waɗanda iyaye suka raɗa ran suna suka kuma ƙi taɓawa. Ruwan nan mai tashi sama yana fizgar su ɗaya bayan ɗaya. Na hango na Hansatu a ƙarshen igiya, gefe ɗaya ya riga ya kwance. Ita kuma tana tsaye a ƙarƙashinsa da 'yar rigarta, tana kallona.

"In ka kira, zai faɗo cikin rumbunta," in ji akuyar. "In ya kai gajimare kuwa, shi ke nan, mun rufe fayil." Ta fara lasar bakinta.

Na buɗe baki, sai na ji motsi a bayana. Dattawan gidanmu ne, rayayyu da matattu, zaune a tabarmar da ke shawagi daidai kafaɗata, kowa da carbinsa. A tsakiyarsu akwai Baba, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce, da hularsa ta kullum. Na durƙusa na gaishe shi.

"Me kake shirin yi a gaban mutane?" ya ce, ba tare da ya dube ni ba. Bai taɓa dubana kai tsaye ba dama, ni ne ɗansa na fari.

"Baba, yarinyar ce ba ta magana."

"Za ta yi. Ni ma ban taɓa kiran sunanka ba. Ka mutu?"

"Ban mutu ba, Baba," na ce. "Na dai yi ta jira."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Sauran dattawan suka shiga duban gajimare kamar an aike su. Baba ya juyo, karo na farko na ga ƙwayar idonsa sosai, ashe irin tawa ce. Leɓensa ya motsa, ya yi ta kokawa da sunana kamar mai ɗaga buhun da ya fi ƙarfinsa. Na matsa kusa, na kasa kunne. Ya ja numfashi.

Sai ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido, gari ya waye. Hansatu ce zaune a bakin ƙofar ɗakina, tana buga murfin tukunya da ludayi. Iya tana shara a tsakar gida, matata tana hura wuta. Na daɗe a zaune a bakin gado, sannan na ce, "Hansatu."

Tsintsiyar Iya ta tsaya. Yarinyar ta ɗago, ta dubi Iya, ta dubi uwarta, ta leƙa bayan ƙofa tana neman baƙon da ya san sunanta. Na sauko ƙasa na zauna a gabanta, na sake kira.