Dutsen Gidan Liburd

Cocin Metodis na ƙauyensu Ketura Liburd, a tsibirin Nevis, bayi ne suka gina shi, kowa ya ɗauko dutse a ka daga bakin teku. Shi ya sa kowane gida ya san dutsensa a jikin bango, kuma ba mai shiga sujada sai ya dafa nasu. Tsofaffi sun ce wanda ya mutu a nesa ma sai ya zo ya dafa sau ɗaya kafin ya wuce. Ba wanda ya taɓa gani dai, tunda baƙin dutse ba ya riƙe sawun hannu.

Sai ga sabon fasto daga Ingila, mai son tsafta kamar me. Ya ce kafin bikin cikar cocin shekara ɗari, a shafe bangon da farar ƙasa. Aka shafe ranar Asabar, faston ya kewaye shi da igiya, ya ce kada wanda ya taɓa sai ya bushe.

A lokacin samarin ƙauyen sun tafi Panama haƙar mashigin jiragen ruwa, har da Cuthbert, ɗan Ketura tilo, wanda adda ta cire wa ɗan yatsa a gonar rake. Wata bakwai ke nan ba wasiƙarsa, tsoro ya hana ta sakat.

Ran Lahadi da hantsi Ketura ta tarar da jama'a cirko-cirko a bayan igiya. Fasto kaɗai ke faɗa.

"Wane marar kunya ne ya ɓata mini bango?"

Sawun hannu ne na jar laka, har guda shida, kowanne a kan dutsen gidan da ke da ɗa a Panama. Kaf ƙauyen babu laka irin wannan. Wata mata ta gane nasu, ta zube tana kiran sunan ɗanta.

Ketura ta kasa ɗaga ido. Ta kama hannun tsoho Huggins, mai kaɗa ƙararrawa.

"Ɗan'uwa Huggins, duba mini namu."

"Haba 'yar'uwa, ke da ko bijimi ba ya ba ki tsoro?" Ya leƙa gefen ƙofa, ya daɗe yana kallo. "Fari fat. Zo ki gani da idonki."

Ta je. Fari ne kuwa, ko ɗigo babu. Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar matar da ke kuka. Ta tsallake igiyar fasto, ta miƙa hannu za ta dafa don godiya.

Kafin hannunta ya kai, farar ƙasar ta lotsa a hankali, kamar ana danna ƙullu. Jar laka ta fito, jiƙe, tana naso. Ketura ta ƙirga yatsun, ta sake ƙirgawa. Huɗu ne.

Ta ɗora tafinta a kai. Da sauran ɗumi.

"Sannu da hanya, Cuthbert," in ji ta.