Hannun Tsuntsuwa

"Tsayar da shi, Gemu! Tsayar!"

Kafin Gemu ya kai hannu kan jan maɓallin, hasken ya riga ya zagaye ɗan yatsa na ƙarshe ya koma inda ya faro. Injin leza mai yanka katako da haske ya yi shiru. Ƙaurin ƙonannen katako ya cika shagon.

Mai Zane ya ɗaga murfin injin, ya kore hayaƙin da hannu. Yankan ya fita tsaf, ko gargada babu: tafin hannu da yatsu biyar a buɗe. Sai dai ba hannun yarinya 'yar shekara shida ba ne. Hannun budurwa ne.

Gemu, dattijon da ke tuƙa injin, ya ɗora rula a kai, ya saki salati.

"Ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Injiniya, ina mashaidin?"

Mai Zane ya kau da kai daga katakon.

Mashaidi shi ne ɗan murabba'in santimita ɗaya da ake sawa a kusurwar kowane fayil. Manhajar zane tana ƙirga ɗigo casa'in da shida a inci, ta injin kuwa wani lokaci saba'in da biyu take karantawa, sai zane ya kumbura ba wanda ya lura. In an yanka gwaji a kwali aka auna mashaidi, nan take asiri ke tonuwa. Mai Zane ne da kansa ya kafa wannan doka a shagon.

"Kai da ka hana kunnenmu sakat!" in ji Gemu. "Mashaidi, mashaidi, kamar alƙali. Na ce mu gwada a kwali, ka ce in danna kawai. Yau ga wanzami..." Ya dubi fuskar Mai Zane, ya haɗiye sauran. "Yi haƙuri, ɗana. Bakin nan nawa ba shi da birki."

"Ban iya kallonsa sau biyu ba ne, Baba Gemu."

Iyakar gaskiyar ke nan. Da safe ya buɗe fayil ɗin, ya bi layin fensirin da sauri yana kau da ido, ya aika.

Tsuntsuwa suke kiran 'yarsa, don bakinta ba ya hutawa. Bara zazzaɓi ya ɗauke ta. Ana sauran 'yan kwanaki ta kwanta, ta ɗora hannu a takarda uwarta ta zagaye shi da fensir, tana dariya tana cewa ana yi mata cakulkuli. Mai Zane ya ɗauki hoton takardar da na'urar sikana a daidai girmanta, ya ajiye a kwamfuta. Daga baya rufin ɗaki ya yi yoyo, takardar ta narke. Jiya matarsa ta ciro murfin akwatin kayan wasan yarinyar, siririn katako mai zane-zanen kala a ciki, ta miƙa masa.

"A wannan nake so. Daidai yadda yake. In riƙa."

Murfin ɗaya ne. Abin da ya saura a injin bai wuce gefe-gefe ba.

"Akwai irinsa a sito," Gemu ya ce a hankali. "Mu shafa masa kala, wa zai gane?"

"Ita."

Mai Zane ya faɗa kan kujera ya jawo kwamfuta. Gyaran kansa ba komai ba ne: ya rubuta girman da milimita ƙarara, ya sa mashaidi a kusurwa. A ina za a yanka, ita ce matsalar. Ya kafa wa allon ido. Can ya jawo ƙaramin hannun ya ɗora kan babban, tafi a kan tafi. Ya matsa shi ƙasa kaɗan, ya ɗan karkata. Yatsun suka shige cikin yatsu. Babban ɗan yatsa ne kaɗai ya kusa leƙowa waje, saura kamar kaurin farce.

"Zai shiga," ya ce. "A cikinsa za mu fitar da shi. Kawo kwali, kafin ta iso."

"Assalamu alaikum."

Matarsa ta riga ta iso. Tana tsaye a ƙofa da jakarta, ƙurar motar haya a bakin zanenta. Mai Zane ya miƙe ya tare injin da jikinsa, amma idonta ya riga shi.

"Sannu da aiki, Baba. Baban Tsuntsuwa, matsa."

Ya matsa.

Ta sa hannu ta ɗauko shi. Ta juya bayansa, ga rabin wata rana mai ƙafafu da yarinyar ta zana da jar kala. Ta sake juyawa, ta ɗora tafinta a kai. Yatsunta kaɗan suka ɗara na katakon.

"Kuskurena ne," ya ce da sauri. "Injin ya karanta ma'aunin ba daidai ba, ni kuma ban gwada ba. Zan iya fitar da na gaskiyar daga cikinsa. Amma in na yi, wannan ya tafi. Kuma in hasken ya kauce, mun rasa duka biyun."

Ba ta ɗago ba.

"Shekara nawa ke nan?"

"Me?"

"Wannan hannun. Na 'yar shekara nawa ne?"

Gemu ne ya amsa, yana kallon ƙasa. "Sha biyu. Ko sha uku. Kamar na jikata."

"Da ta isa riƙe min tsintsiya," ta ce, ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ko da yake wannan? Da baki za ta share gidan."

Mai Zane ya matso kusa da ita. Tun da ya ɗaga murfin injin yake yaƙi da zuciyarsa, yanzu ya sallama.

"Mu bar shi haka," ya ce. "Maman Tsuntsuwa, mu bar shi. Dubi... dubi yadda da za ta zama."

Ta daɗe tana shafa gefen da wuta ta baƙanta. Sai ta rufe yatsunta a kansa, kamar za ta tsallakar da yaro titi. Hannun bai shige cikin nata ba.

"Ban san wannan ba," ta ce. "Ban taɓa wanke shi ba. Ban taɓa yanke masa farce ba. Tawa duk hannunta a nan yake ɓacewa." Ta nuna tsakiyar tafinta. Ta miƙa wa Gemu katakon. "Baba, a ba ni 'yata."

Wannan karon an bi doka. Gemu ya yanka a kwali, ya auna mashaidi: santimita ɗaya cif. Ya bar ramin kwalin a inda yake, suka daidaita katakon da shi, suka manne gefensa da tef. Gemu ya yi bisimilla ya danna.

Mai Zane ya tsaya ya kalla, daga farko har ƙarshe. Hasken ya hau ƙaramin yatsa, ya sauko, ya hau na gaba. Da ya zo babban yatsa sai ya bi ta bakin katakon, siririn gefen ya kama ja ya karye. Layin bai kauce ba.

Ta ɗauke shi da ɗuminsa. Ta rufe yatsunta, ya ɓace a ciki, sai kawunan yatsu ke leƙowa. Ta zauna a kan bencin masu jira ta kifa goshi a kan dunƙulen hannunta. Kafaɗunta suka soma rawa. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Gemu ya ɗauko buroshi zai share gadon injin.

"Bari, Baba. Ni zan share."

Abin da ya rage siririn zobe ne mai siffar hannu, ya karye gida uku, da kawunan yatsu masu tsawon gaɓa guda. Mai Zane ya juya wa matarsa baya. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihun gaban rigarsa, sannan ya ɗaga murfin kwandon shara ya mayar da ƙarfi, don ta ji ta ɗauka ya zubar.