Yaya da Ashana

Ƙaurin roba bai gama fita daga ajin ba lokacin da Mama ta iso. Kwandon shara ya narke, bango ya yi baƙi har gindin allo. 'Yarta, wadda kowa ke kira Yaya tun da aka haifi ƙaninta Auta, tana zaune ta kwantar da kai a kafaɗar malamarsu.

Wannan ya fi gobarar ci wa Mama rai. Rabon da yarinyar ta jingina da ita haka har ta manta.

"Karo na uku ke nan, Malama," in ji Mama. "Ta ƙona labule, ta ƙona katifa. Na yi duka, na ɓoye ashana, duk a banza."

Malamar ta tura Yaya wanke hannu, sannan ta rage murya. "Kin taɓa tambayarta dalili?"

"Ɓarna har dalili gare ta?"

"Ni na tambaya. Ta ce ranar labule kin ajiye Auta, kin rungume ta, kin duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da ma ita ce mai ciwon sikilar, ba Auta ba."

Mama ce ta haifa, ita ta goya, amma bare aka gaya wa.

"Ba ki san jinyar yaro ba," in ji Mama.

"Gaskiya ne. Akwai likitan da ke zama da irin waɗannan yara, zan haɗa ku. Kafin nan, ko rabin awa ce a rana, ki ba ta ita kaɗai."

*

Da yamma Mama ta shimfiɗa tabarma. "Zo in yi miki kitso."

Yaya ta zo a ɗarare, ta zauna tsakanin ƙafafunta. A hankali wuyanta ya saki.

"Me ya sa Malama kika gaya wa, ban da ni?"

"Ita in ina magana ba ta kallon ƙofa."

Ana kan layi na huɗu Auta ya yi kira daga ɗaki: "Mama, ƙafata." Hannun Mama ya tsaya cak.

"Je ki," in ji Yaya.

"Yanzu zan dawo."

Yaya ta zauna da rabin kai a tsefe, mataji soke a gashinta. Ba ta motsa ba har inuwar katanga ta rufe tabarmar.