Wa Ke Leƙen Hedimasta?

Tallan farko ya faɗo ne Hedimasta yana tsakiyar karanta labarai. Wani ɗan akwati ja ya tsaya ƙememe a tsakiyar allon kwamfutar, yana tambayarsa ko yana son maganin ƙarfafa ƙwaƙwalwa. To, mutumin nan rayuwarsa ta aiki duka ya ƙarar da ita ne yana koya wa 'ya'yan mutane cewa idan aka yi maka tambaya ka amsa, juya wa mai tambaya ƙeya rashin tarbiyya ne. Saboda haka bai ko kalli 'yar alamar rufewa da ke can kusurwa ba. Ya gyara tabarau, ya karanta tallan daga farko har ƙarshe, ya gano kuskuren rubutu a layi na biyu ya yi tsaki, sannan ya danna “A'a, na gode.” Shi a ganinsa an rabu lafiya. Bai san cewa a wajen waɗannan shegun akwatuna, e da a'a duk ƙofa ɗaya suke buɗewa ba.

Kafin mako ya zagayo sun yi masa caa kamar ƙudaje. Ya amsa wa ɗaya, biyu su fito. Ya amsa wa biyun, wani ya taso da kiɗa.

Yawansu bai dame shi kamar abin da suke tallatawa ba. Maganin mantuwa. Agogon da ke nuna inda tsoho yake. Masu jinya da ake ɗauka su zauna da mutum a gida. Duk wanda ya fito sai gabansa ya faɗi, domin Hedimasta yana da abin da yake ɓoyewa.

Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan nan da suka gina tare, ɗaki bayan ɗaki. 'Ya'yansa sun sa shi gaba a kan ya koma wajen autarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa. Auta har ɗaki ta gyara masa, da labule sabo. Ya ƙeƙashe ƙasa ya ce gawarsa kaɗai za a fitar daga gidan nan. Da ƙyar aka yi sulhu a kan cewa zai zauna muddin yana iya riƙe kansa. Ga shi kuma kwanan nan riƙon ya fara kwancewa. Ya bar buta a kan wuta har gindinta ya narke, ya ɓoye ta bayan kabad kamar ɗan aji ɗaya da ya fasa tawada. Ya tsinci makullansa a cikin firiji. Ya tsaya da maƙwabcinsa na shekara da shekaru suna gaisawa, sunan mutumin ya ƙi zuwa, sai “ɗan'uwa” ya yi ta ce masa. Bai faɗa wa kowa ba sai kwamfuta. Ita yake rubuta wa tambayoyinsa a cikakkiyar jimla, da babban baƙi a farko da alamar tambaya a ƙarshe: shin mantuwar tsufa tana da iyaka, shin mutum kan manta hanyar gidansa.

Wata safiya ya ɗaura ɗamarar share dattin da kansa. Akwai wata manhajar bincike da aka taɓa saka masa, ya lalubo ta ya kunna, ya harɗe hannu yana kallonta kamar mai tsaron jarrabawa. Ta daɗe tana aiki. Da ta gama ta nuna tarkacen talla rututu, sannan can ƙasa ta fito da gargaɗi guda da jan rubutu: akwai wata manhaja a ɓoye da ke ɗaukar duk abin da aka rubuta a kwamfutar tana aikawa waje.

Ya karanta, ya sake karantawa. Da farko tsoro ne ya kama shi, sai tsoron ya juye ya zama fushi, irin fushin da a da kan sa makaranta guda ta yi tsit. Wa ke taɓa kwamfutar nan ban da shi? Auta. Zuwanta na ƙarshe ta zauna a kanta wai za ta duba saƙo. Auta da ya goya a wuya ya kai ta aji, ita ce ta dasa masa ɗan rahoto a cikin ɗakinsa, tana tara hujjar da za ta fitar da shi daga gidansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, nan take ya nemo lambar Dogo a waya ya kira shi.

Dogo mai gyaran kwamfuta ne a bakin titi, kuma tsohon ɗalibinsa. Furfura ta fara cin gemunsa, amma har yau in ya shigo gaban Hedimasta hannayensa da kansu suke komawa baya. Da ya iso ya gaishe shi a rusune, ya ja kujera, ya fara da tallan. Ya shiga nan ya cire, ya shiga can ya goge, ya tumɓuke wasu ƙananan manhajoji da suka maƙale a jikin abin shiga intanet, yana yi yana bayani a hankali. Ya roƙe shi don Allah ya daina amsa musu, ya riƙa danna alamar kusurwa kawai. Hedimasta ya ce wato yanzu rashin kunya ne magani. Dogo ya yi 'yar dariya ya ce a wannan fagen dai haka ne. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, allo ya fito fes, ba ja ba kiɗa. Sai ya fara naɗe wayoyinsa yana cusawa a jaka, da saurin da bai shigo da shi ba.

“Saura ɗaya,” in ji Hedimasta.

Dogo ya ce ai an gama, Malam. Hedimasta ya ɗora yatsa a kan allon, daidai inda jan gargaɗin ya fito ɗazu, ya ce masa kada ya raina masa hankali, shi ya koya masa karatu. Ya ce ya san wadda ta saka, kuma yau zai cire, sannan ya kira ta ya faɗa mata abin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Dogo ya yi tsuru-tsuru. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon madannai.

“Malam, ba Auta ba ce. Ni na saka.”

“Kai? Da izinin wa?”

“Da izininka.”

Ya ba shi labarin a hankali, kansa a ƙasa. Watannin baya, da sassafe, Dogo na hanyar buɗe shago ya gan shi tsaye a ƙofar tsohuwar makarantarsu, sanye da kwat, yana yi wa maigadi faɗa a kan ba a kaɗa ƙararrawa ba. Maigadin sabo ne, bai san shi ba, har ya fara ɗaga murya. Dogo ne ya rarrashe shi ya kawo shi gida. Da rana ta yi kansa ya washe, ya gane abin da ya faru, ya yi kuka a kan kujerar nan. Sannan ya sa aka kira Auta a waya, ya ce shi ya san halinsa, zai ɓoye, zai yi musu, ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba. Tunda kwamfuta kaɗai yake gaya wa gaskiya, a saka abin da zai sa Auta ta riƙa gani, don ta san lokacin da ya kamata ta zo. Auta ma ta ƙi da farko, shi ya tilasta mata.

Hedimasta ya shiga cikin kansa yana lalube. Ya nemi kwat ɗin, ya nemi fuskar maigadin, ya nemi kukan. Babu ko ɗaya, fayau kamar allon da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ya so ƙwarai a ce ƙarya Dogo yake yi, sai dai ya san yaron tun yana da majina a hanci, kuma bai taɓa iya ƙarya ba tare da in'ina ba. Yau maganarsa ta fito sumul.

Ya cire tabarau ya riƙe a cinya. Daga inda yake zaune yana hango ƙofar ɗakin matarsa, da ƙugiyar da take rataye mayafi, da tsagar bangon da ya yi ta cewa zai liƙe. Wata tambaya ta zo masa wadda ba ya son amsarta, amma shi ba mutumin da ke barin tambaya ba ne.

“Na taɓa kiranka a kan wannan maganar?”

Dogo ya ɗaga kai alamar e.

“Me na ce?”

“Ka ce in bar shi. Ka ce lokaci ya yi, da kanka za ka kira Auta ta zo ta ɗauke ka.”

“Na kira ta?”

Dogo ya girgiza kai alamar a'a, ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi.

Hedimasta ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, domin ya gane cewa abin da ya sani yanzu ba lallai ya kai la'asar tare da shi ba. Zai iya tashi gobe ya sake ganin jan rubutun, ya sake tsine wa 'yarsa a zuci. Ya tura wa Dogo wayarsa a kan tebur.

“Nemo ta yanzu, kana zaune. Kada ka tafi sai na gama.”

Dogo ya danna lambar ya miƙa masa. Ta ɗauka tun bugun farko, muryarta a tsorace, tana tambayar ko lafiya. Hedimasta ya gyara zama, ya miƙe bayansa yadda ya saba a gaban taro, amma muryar da ta fito ƙarama ce.

“Auta, ɗakin nan da kika gyara, yana nan?”