Langar da Ta Ƙi Buɗuwa a Ofishin Awaki

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu kuma ban huce da wani bunsuru ba.

Na gan ni a wani gari inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya ɗaura laima a ƙafa. Ina rungume da takardar neman canjin wurin aiki zuwa Malumfashi, wadda na buga a kwamfuta don in koma kusa da Inna, tunda ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Sai dai a garin nan fayil ba a filas ɗin kwamfuta yake zama ba. Kowane fayil langa ce mai murfi, irin wadda ake kai wa maƙwabta tuwo. Motar Malumfashi na tsaye a tasha, direba ya ce in ba a sa mini hannu ba zai tafi ya bar ni.

Sai ga ni a Ma'aikatar Buɗe-Buɗe. Sakatariyar wata akuya ce mai tabarau, tana tauna fayilolin bara, wai adana su take yi.

“Malam, da wace manhaja ka rufe wannan?”

“Da ta ofishinmu, Hajiya.”

Ta shinshina murfin ta yi tsaki. “Ta 'yan hannun dama ce. Mu nan da ta 'yan hagu muke aiki. Hau sama wurin Darakta.”

Na gangara matakala har na kai sama.

Darakta bunsuru ne, Alhaji Tsalha, da babbar riga da warinsa. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce na zo a sa'a.

“Gwamnati ta yi doka. Daga yau kowace langa dole ta buɗu a kowane hannu, na ma'aikacin lafiya ne ko na malamin gona. Buɗaɗɗen tsari ke nan. Ba mai sake cewa murfinsa sirrin gidansu ne.”

“Madalla, ranka ya daɗe. To a buɗe tawa.”

“Ai ba mu fara aiki da dokar ba.”

“Saboda me?”

Ya nuna wata ƙatuwar langa a kan tebur. “Ga ta nan ciki. Kamfanin da ya ƙera murfin ya ce sai mun sabunta lasisi, buhun dusa duk wata. Mun kafa kwamiti.”

Raina ya ɓaci, amma mai nema ba ya fushi. Na roƙe shi don Allah, ya kira wata tunkiya, wai ita ce ƙwararriya a juya fayil daga wannan tsari zuwa wancan. Ta ja da baya ta tunkuyi langata. Murfin ya ɗan ɗaga, kalmomina suka fito kamar tururuwa, kowace ta kama gabanta. Gaisuwar farko ta koma ƙarshe. Malumfashi ta zama wasu ƙananan akwatuna. Sa hannuna ya ruga ƙarƙashin kujera, muka yi ta farautarsa da tsintsiya.

“An samu nasara kashi biyu cikin uku,” in ji tunkiya, ta mayar da murfin ta rufe gam.

Daga tasha na ji hon.

Sai kawai ofishin ya zama tsakar gidanmu, amma awakin na nan da teburansu. Inna na zaune a tabarma ta miƙe ƙafar nan mai ciwo.

“Sabitu, me ya tsayar da kai?”

“Inna, langa ce ta ƙi buɗuwa.”

“Ikon Allah. Ni dai duk kwanon da aka aiko min daga maƙwabta buɗewa nake in ci, ban taɓa tambayar wa ya ƙera murfi ba.”

Alhaji Tsalha ya ce a rubuta wannan, za a kai wa kwamiti.

“Ka ji, Inna, sai kwamiti ya zauna.”

Ta dube ni sosai. “Kai aka rufe a langar, ko takardar? Rabona da ganinka tun Sallah. Ba sa hannu nake jira ba, ƙafarka dai lafiya lau take.”

Kunya ta rufe ni. Na dire musu langar, sakatariya ta fara lasarta. Na zura da gudu, ruwa na ɗaga ni sama ina tafiya a iska, motar na ja da baya zuwa gaba, ina ihu direba ya tsaya. Na miƙa hannu zan kama ƙofa, sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Zulai ce matata a tsakar gida tana buga murfi a bakin tukunya.

“Zulai, haɗa min kaya, ran Asabar zan je Malumfashi.”

“Fayil ɗin naka na neman canji da ya ƙi buɗuwa a ma'aikata, an buɗe shi ne?”

“A'a.”

Ta ci gaba da bugu tana mita, wai maƙwabta sun sake musanya mata murfi.