Kwana Goma Sha Uku Tsakaninmu da Vienna

Ni ce na iya Jamusanci a gidanmu, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Shekara biyu na yi a garin Ruse ina aiki a gidan wani likita ɗan Austriya, na dawo Gabrovo da yaren a baki, hanci a sama. Yayana Totyu kuwa, ko harshenmu ya rubuta sai ka rantse kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Amma miƙa masa ƙarfe da waya, ka koma gefe ka sha kallo.

Shi ne makanikin masaƙar ulu ta tsoho Hinkov, can bakin kogi. Ciwon kan masaƙa ɗaya ne tun da aka fara ta: zare ya tsinke, inji bai san an yi ba, ya yi ta saƙarsa, kafin mai tsaro ta ankara an ɓata kamu biyu na yadi, ita kuma ta sha zagi. Tsona, matar Totyu, tana cikin masu shan zagin nan. Da aka ja wutar lantarki zuwa masaƙar, sai ya shige ɗakin ajiyar itace na bayan gidanmu, ya yi shekara uku yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe. Abin da ya fito da shi ɗan ƙarami ne. Kowane zare ya rataya masa siririn ƙarfe kamar allura. In zaren ya tsinke, ƙarfen ya faɗo kan waya, wuta ta bi, maganaɗisu ya ture bel ɗin da ke juya injin, inji ya tsaya cak. Ranar da ya gwada shi a injin Tsona, mata suka bar aikinsu suka zagaye shi, wata ma da gangan ta riƙa tsinka zaren don ta ƙara gani.

A lokacin ƙasarmu ba ta da ofishin da ke ba mutum takardar mallakar abin da ya ƙirƙira. Sai Vienna, babban birnin Austriya. Aka samo mana wani lauya can da ke wannan aiki, ni na rubuta wasiƙu, Totyu ya yi zane, muka aika a Oktoban 1910. Ba arziki yake hange ba, na san yayana. So yake a ce akwai takarda mai hatimi a wani wuri a duniya da ta ce Totyu Ganchev na Gabrovo ne ya fara yin abin nan.

Amsa ta zo cikin hunturu. Na karanta musu a kicin, ina jan kalmomin don a san ana karatu. An karɓi buƙatarsa, an ba ta lamba da rana. Sai dai zane biyu ba su cika ƙa'ida ba, a gyara su, su isa ofis kafin ashirin ga Maris, in ba haka ba buƙatar ta faɗi.

"Ashirin ga Maris," in ji Totyu. "Ai da sauran lokaci."

Na ɗauki fensir na je bango, inda kalandar coci take rataye kusa da murhu, na zagaye ashirin ga Maris.

To, a nan na tafka kuskuren. Kalandarmu ta wancan zamani tana bayan ta Vienna da kwana goma sha uku. Ashirin ga Maris ɗinsu bakwai ga Maris ce a wurinmu. Wannan ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, kowane mai fataucin yadi ya sani. Ni ma na fi kowa sani, ni da na zauna gidan likita ina soya musu naman Kirsimeti alhali mu muna tsakiyar azumi. Amma ran nan hankalina yana kan yadda Tsona ta saki baki tana kallona ina Jamusanci.

Duk da haka da ba a makara ba. Totyu ya gama gyara zanen ranar ɗaya ga Maris tamu, ranar da a al'adarmu ake ɗaura jan zare da fari a hannu. Ya shigo da takardun a naɗe, Tsona tana ƙoƙarin ɗaura masa nasa zaren yana zillewa.

"Nedke, rubuta mini adireshi, in biya ta gidan waya."

Na warware zanen na duba. Layukan kam tsaf, ba abin kushewa. Amma sunayen sassan da na rubuta masa a gefe ya kwafa, wai! Wani harafi ya kwanta, wani ya durƙusa.

"Bate," na ce, haka muke kiran yaya namiji, "wannan za ka aika Vienna? Mutanen da ko takardar wanki sai sun yi mata ado? Su buɗe su ce daga wace rugar awaki aka aiko?"

"Inji za su duba, ba rubutu ba."

"Kai ka taɓa zama da su ko ni?"

Ya sosa ƙeya. Tsona ta ce, "Bar ta ta gyara mana, tunda ita ce 'yar birni. Kada a ce mijina da ƙafa yake rubutu."

"Kwana nawa?" ya tambaye ni.

Na nuna masa bango. "Ga ashirin can, ko kusa ba mu yi ba. Kwana huɗu wasiƙa take yi a hanya."

Kwana goma na riƙe takardun nan. Na kankare rubutunsa da reza a hankali, na sayo sabon bakin alƙalami, na zana kowane harafi da jelarsa da ƙawarsa. Na ji daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Ranar sha ɗaya ga wata muka kai gidan waya tare, ya lashi kan sarki da kansa ya manna, ya ce wa ma'aikacin, "A riƙe ta da kyau, akwai rubutun sarauniya a ciki." Muka fito muna dariya, ya saya mini gasasshiyar gujiyar dawa a bakin gada, abin da bai saba ba, don mu mutanen Gabrovo ba a san mu da sakin hannu ba.

Wasiƙar lauya ta iso bayan bikin Ista. Ni na karɓe ta a ƙofa, Totyu yana masaƙa. Na buɗe a tsaye a tsakar gida. Ya ce cikin baƙin ciki yake sanar da mu zanen sun iso ranar ashirin da takwas ga Maris, kwana takwas bayan wa'adi, don haka buƙatar ta faɗi. Ya ce a da sai a sake shigar da sabuwa, amma wani kamfani na garin Brno ya shigar da abu mai kama da wannan a watan Janairu. Da ta Totyu tana raye, ita ce gaba da wata uku. Yanzu da ta faɗi, tasu ce ta farko. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, wai ko dai an yi ƙidaya da kalandar gabas ne?

Na zauna a kan kututturen faskare. Ban san iya zaman da na yi ba, har miyar wake ta kama a tukunya.

Da ya dawo cin rana ya ga ambulan a kan tebur, bai ko wanke hannu ba.

"Karanta, Nedke."

Na buɗe takardar, na dube ta, na dubi yayana da baƙin mai a goshinsa. Tsoro ne ya kama ni, da kunya, kunyar ta fi yawa. Na ce, "Sun ce wani kamfani a Brno ya riga ka. Nasu ne na farko."

"Ya riga ni?"

"Haka suka ce."

"Da daɗewa?"

"Ba su faɗa ba."

Ya ja kujera ya zauna. Na ɗauka zai yi faɗa, ya zagi Vienna da Brno da lauyan gaba ɗaya, na ma shirya taya shi. Sai kawai ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, ai dama. Masu manyan makarantu suna can, ni ina ɗakin itace ina zaton na gano abin da ba a gano ba." Ya ci wakensa mai ƙauri, ya koma aiki.

Na ce wa kaina gobe zan gaya masa. Goben ta zo na ce bari ya ɗan huce. Ai kun san yadda ake yi.

Bai ƙara shiga ɗakin itace don ƙira ba. Yana da wani littafi da yake zana abubuwan da zai yi nan gaba, har da wata dabarar daidaita gudun injin ruwa da ya daɗe yana ba mu labarinta har mun gaji. Tsona ta tarar da littafin a kwandon hura wuta, ta ciro, ya ce ta mayar. "Duk abin da ke ciki wani ya yi shi a Brno," ya ce, "mu dai labari ne bai iso mana ba." Shekara ta zagayo tsoho Hinkov ya sayo na'urorin kamfanin nan guda goma sha biyu, masu fenti kore da lambar mallaka a jiki, aka sa Totyu ya kwance nasa ya ɗaura su. Ya dawo gida yana yabonsu. Wai dubi yadda suka yi tunani daidai da nasa, ashe dai kansa ba fanko ba ne tunda ya bi sawun manya. Na tashi na fita waje, don ba zan iya jin wannan ba.

Yaƙe-yaƙe suka zo, ba a ɗauke shi yaƙin ba saboda masaƙar yadin soja take yi. Ni ban yi aure ba, ina nan gidan, ina karanta masa duk wata takarda da ta shigo, ta gwamnati ko ta kayan inji. Ya yarda da bakina fiye da idonsa.

A 1916 gwamnati ta ce mu ma mu koma kalandar Turawan yamma. Aka kwanta Alhamis talatin da ɗaya ga Maris, aka tashi Juma'a sha huɗu ga Afrilu. Gari ya ɗauka da barkwanci. A wurin karin kumallo Tsona ta ce ita dai ba ta taɓa barci mai daɗi irin wannan ba, mako biyu cur. Totyu ya ce a gaya wa sauran ƙasa su yi kuka, mu a Gabrovo riba muka ci, kwana goma sha uku ba a taɓa buhun wake ba. Ya miƙe yana dariya ya je bango zai gyara kalandar, fensir a hannu, yana ƙirga kwanakin da za a tsallake da babban yatsa.

Sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, bayansa gare mu.

"Nedke."

"Na'am, bate."

"Wasiƙar nan ta Vienna. Ashirin ga Maris ɗin da suka ce, ta wa ce? Tamu ko tasu?"

Da na so da na sake yin ƙarya, don ba shi da hanyar ganewa. Amma na gaji. Na ce, "Tasu."

"Wato bakwai ga wata."

"Bakwai."

"Ni kuma na gama ran ɗaya."

Tsona ta ajiye wuƙar burodi.

"Tana nan, wasiƙar ƙarshen?" in ji Totyu.

Tana nan, a ƙasan akwatina, cikin tsohon mayafi. Na ɗauko. Ya ce in karanta kalma bayan kalma, kada in tsallake ko gaisuwa. Na karanta har layin da lauyan ya ƙara da hannu. Da na zo inda aka ce tasa ce gaba da wata uku, ya ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Na maimaita.

"Ni ne na farko kenan."

"Kai ne, bate. Ka yafe mini, ni na riƙe takardun, ni na zagaye ranar, kunya ce ta hana ni..."

"Bar maganar ranar," ya ce, a hankali, ba ko ɗaga murya. "Ranar kowa zai iya kuskurenta, ni ma ina tsaye kika zagaye ta ban ce komai ba. Da kin gaya mini a lokacin, da na yi fushin mako guda, in koma ɗakin itace in yi wani. Ina da guda shida a littafin nan." Ya dubi hannuwansa. "Shekara huɗu ina share wa na Brno ƙura ina gode musu."

Ya ɗauki hularsa ya tafi aiki, don ƙararrawar masaƙa ta buga.

Bai kore ni ba, bai daina yi mini magana ba. Mun ƙara shekara goma sha tara a gida ɗaya, muna ci a tebur ɗaya, in na yi ciwo shi ke kiran likita. Na yi ta jira ko zai koma ɗakin itace, har na share masa shi na jera kayan aikinsa. Ya leƙa sau ɗaya ya ce hannun ya riga ya manta, ya ja ƙofar.

Bayan sati biyu da waccan safiyar ta sauya kalanda wata takarda ta zo daga masu sayar da bel, da Jamusanci. Na miƙa hannu yadda na saba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce zai biya ta wurin mai kantin magani, shi ma yana ɗan taɓa yaren. Mutumin nan Jamusancinsa ko rabin nawa bai kai ba. Wurinsa Totyu ya riƙa kai takardunsa har ya rasu, har da na harshenmu bayan idonsa ya yi rauni, yana dogara sanda ya wuce ni a zaune a bakin ƙofa.