Ƙwarin da Ke Ƙarƙashin Gidan Hajja Sittana

Shekara talatin ina haƙa ramin ban-ɗaki a Umdurman, har ana ce mini Usta, wato gwanin sana'a, ba mai koya mini halin ƙasa. Amma ranar nan a gidan Hajja Sittana, digata ta ɓula wani kogo a ƙarƙashin dutse. Na haska fitila. Saiwoyin darbejiyar tsakar gida ne suka zubo ciki kamar gemu, a jikinsu wasu fararen ƙwari, ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba.

Da na faɗa wa Hajja, sai ta dafe ƙirji. "Gara ce! Usta Ƙasimu, zuba magani ka toshe da siminti, yau ɗin nan."

Gara? Ni da na tashi a gonakin audugar Jazira ne ban san gara ba? Na kira 'yata Mawahib, wadda ke karatun ƙwari a jami'a. Kafin la'asar ta iso daga Khartoum, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta bi igiya ta sauko.

"Baba, don Allah daina buga saiwar nan!"

Kai, yaran zamani! A cikin ramina ake ba ni oda.

Ta ce ƙwarin nan ba su da ido, duhu ya sa ba sa bukatarsa. Fukafukansu sun ƙanƙance, ruwan saiwa suke tsotsa. In namiji yana neman mace, saiwar yake girgizawa, ita kuma ta ji a ƙafafunta. Bugun da nake yi, a wurinsu girgizar ƙasa ce.

"Shekara huɗu a takarda kawai nake ganin irinsu," in ji ta. "In aka toshe nan, sun mutu kafin kowa ya san da su."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Na fito na tarar da Hajja tsaye da galan ɗin magani.

"Hajja, wannan ramin ba zai yiwu ba. Zan haƙa miki wani can bayan kicin."

"Can ai dutse ne zalla! Da wane ƙarfin, kai da furfura?"

Na tofa yawu a tafin hannuna, na ɗauki diga.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina fasa dutsen nan, har yau kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Kullum Mawahib na can ƙasa da littafinta, ni kuwa nakan sassauta bugu don kada in firgita ƙwarin.